Canza tiyon sanyaya injin tsohon jirgin ruwa: na kamfani, na silikon, mai waya, ko na Ladipo?

Duk wanda ya sayi tsohon jirgin ruwa na shaƙatawa a Legas, irin waɗanda aka ƙera a shekarun 1980 da 1990 aka shigo da su daga Amurka ko Turai, to har da tsohuwar roba ya saya. Fenti ana sabunta shi, kujeru a sake musu yadi, baƙin mai a juye shi a kan kari, amma tiyon da ke kai ruwa cikin inji ba mai waiwayarsa sai ranar da ya tsage. 'Yan kasuwarmu da ke ajiye jirage a bakin ruwan Ikoyi da Apapa, da yaranmu da ke tuƙa musu ko suke kula da inji, tambayarsu ɗaya ce in magana ta zo nan: wane tiyo za a saya? Na kamfanin da ya ƙera injin, ko shuɗin nan na silikon mai sheƙi, ko baƙi mai waya a ciki da ake sayarwa da awo, ko kuwa a saka tsohon a leda a aiki yaro kasuwar kayan mota ta Ladipo ya samo mai kama da shi?

Babu guda ɗaya da zai yi ko'ina. Wurin da tiyo yake zaune shi ke faɗin irin da za a sa masa. Kuma kuɗin farko ya kamata ya tafi wurin wanda zai iya nutsar da jirgi, ba wurin wanda ido ke fara gani in an ɗaga murfin ɗakin inji ba.

Injuna irin su Caterpillar 3208, Cummins 6BTA, Detroit 6-71 da Volvo Penta TAMD 41 ruwa iri biyu ke sanyaya su, kuma ruwan ba sa haɗuwa. Na farko shi ne ruwan cikin inji mai magani, wanda ke zagaye a rufe, zafinsa tsakanin digiri 80 da 90. Jirgi ba shi da lagireto da fanka, don haka wata kula mai siraran bututu a ciki ita ke ɗauke wa wannan ruwa zafi, ruwan lagun, wato ruwan da jirgi ke tafiya a kansa, kuma shi ke bi ta cikin bututun. Wannan ruwa na biyu yana shigowa ta rami a ƙasan jirgi, ya wuce bawul, ya wuce mataci, famfo mai farfelar roba ya zuƙo shi ya tura shi ta kular man giya da babbar kula, a ƙarshe a fesa shi cikin salansa ya sanyaya hayaƙi su fita tare ta baya. Akwai tiyon da ake zuƙa ta cikinsa, akwai wanda ake turawa, akwai mai ɗauke da ruwan zafi, akwai mai ɗauke da hayaƙi. Kowanne da irin wahalar da yake sha.

Na fi so a daɗe a kan na zuƙa, wato daga bawul zuwa mataci, daga mataci zuwa bakin famfo. Wannan tiyon yana ƙasa da inda ruwa ya tsaya a jikin jirgi. Ko inji a kashe yake, ko jirgi na ɗaure a jeti da tsakar dare ba kowa a ciki, muddin bawul a buɗe yake, robar nan ce kaɗai tsakanin jirgi da lagun. Rami mai faɗin inci 1.5, in yana ƙasa da fuskar ruwa da ƙafa 2, yana zubo fiye da lita 100 a kowane minti. Famfon kwashe ruwa da aka rubuta masa galan 2000 a awa, a takarda ke nan wajen lita 126 a minti, amma da zarar ya fara tura ruwa sama ta dogon tiyo, ga batir ya yi sanyi, abin da yake fitarwa yakan koma wajen rabi. Wanda ya yi wannan lissafi ba zai ƙara tayin tiyon ƙasa da araha ba.

Tsagewa ba ita kaɗai ba ce. Famfo zuƙa yake yi, tiyon da ba shi da waya a jikinsa kuwa in zuƙa ta yi ƙarfi mannewa yake yi. A ruwan Legas zuƙa tana yawan yin ƙarfi, domin mataci ba ya daɗewa bai toshe ba: ledar fiya wata, buhu, robobi, ga kainuwa da ta shigo ta wajen Badagry a 1984 take rufe lagun duk ƙarshen damina. Abin da ke ruɗa mutane shi ne tiyon yana mannewa ne kawai lokacin da aka ba inji wuta. Allurar zafi ta hau, direba ya rage wuta, tiyo ya buɗe ya koma yadda yake, makanike ya sauka ya duba ya ga komai lafiya. Sai a canza tamostat, a wanke kula, a canza farfela, matsala tana nan. In kana zargin haka, sa wani ya ba inji wuta jirgi na tafiya, kai kuma ka haska tocila a kan tiyon ka tsaya kana kallo. In ruwa ya yanke gaba ɗaya, farfelar roba tana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan, fukafukanta su kakkarye su tafi su toshe bututun kula.

A wannan wuri zaɓi ɗaya ne nake yarda da shi: baƙin tiyo mai kauri, mai zare da waya a naɗe cikin robarsa, wanda aka buga masa lambar ƙa'idar inganci SAE J2006 R2 ko ISO 13363 a jiki. Asalinsa tiyon salansar jirgi ne, amma saboda ƙarfinsa ana sa shi a ƙasan ruwa. Kamfanonin Trident da Shields na Amurka da Vetus na Holan duk suna yin sa. Iri biyu ne, mai santsin baya da mai ƙugiya-ƙugiya, wato mai tudu-tudu a bayansa. Mai ƙugiya ya fi lanƙwasuwa a matsattsen wuri, mai santsi ya fi zama da kyau a ƙarƙashin kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure bakin tiyo, don haka in hanya ta ba da dama na fi son mai santsi. Tiyon lagireton mota ba ya shiga nan ko da sabo ne fil. Haka ma koren tiyon nan na injin ban ruwa da manoman fadama suka sani, wanda na sha gani a ɗaure a bawul ɗin jirage saboda shi ma ba ya mannewa kuma ana samunsa ko'ina. Ba roba ba ce ta gaske, filastik ne. Zafin ɗakin inji yana busar da shi, ya yi tauri, kilif ya daina kama shi, wata rana ya tsage daga bakin ƙarfe. A gona in ya tsage albasa ta sha ruwa fiye da kima ne kawai, a jirgi kuwa gindin jirgi yake cikawa.

Shi ma mai wayar yana tsufa, kuma ta wayar yake mutuwa. Ruwan gishiri yana shiga ta bakin da aka yanka ko ta ɗan tsagu, waya ta yi tsatsa a ɓoye. Kama tsohon tiyo ka ɗan lanƙwasa shi kusa da kunnenka. In ka ji ƙaras-ƙaras, waya ce ke karyewa. In ka ga jan layi na tsatsa ya zagaye jikinsa, ko ƙananan tsagu a bayan lanƙwasa, ya gama aiki. Yanka shi ka gani: inda waya take sai jan gari, roba ta rabu gida biyu kana iya ɓare ta da farce.

Tiyon da ke bayan famfo, mai kai ruwan lagun daga kula zuwa kula, ba shi da wahalar zaɓi. Ba a zuƙa ta cikinsa, ruwansa ba zafi sosai, baƙin tiyo mai zare na kirki ya isa, mai waya a inda akwai kwana. A tuna kawai in ya fashe inji na aiki, famfon inji da kansa ne zai riƙa ɗura ruwa cikin jirgi.

Sai salansa. Hayaƙin injin gas yana fitowa da zafin ɗaruruwan digiri, ruwan da ake fesa masa a gwiwar salansa ne ke saukar da shi har mutum ya iya dafa tiyon da hannu. Shi ya sa ƙa'idar J2006 ta ce a gwada tiyo da busasshen zafi da ya kusa digiri 600 na minti 2, wato lokacin da direba zai lura ruwa ya yanke ya kashe inji. Tiyon da ba a gwada haka ba ba shi da abin yi a nan. Mai laushi marar waya, R1, na gajeren haɗi ne miƙaƙƙe. Inda akwai tsawo ko kwana, mai waya. Baƙi na roba yana jure wajen digiri 120 a aikin yau da kullum. Akwai na silikon, shuɗi mai jure wajen 175 da ja mai jure wajen 260, kuɗinsu ya ninka na baƙi. A ganina guntun farko da ke bin gwiwar salansa shi kaɗai ya cancanci wannan kuɗi, domin shi ke fara cin wuta. In kuwa aljihu bai kai ba, a sa baƙi duka, a sayi ƙararrawar zafin salansa a ɗaura a wurin. Tana yin kuka tun kafin allurar zafin inji ta motsa, kuma ta fi jan tiyo amfani.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: duk injin da ya taɓa rasa ruwa ya yi zafi, a kwance tiyon salansa na farko a leƙa ciki. Daga waje za ka gan shi lafiya lau, a ciki kuwa fatar ta ƙone ta kumbura ta saki, tana rataye tana tare hanyar hayaƙi. Inji ya daina kaiwa ƙarfinsa, yana baƙin hayaƙi, a yi ta kwance nozul ba laifinsa. Tsagun salansa kuma ba ruwa kaɗai yake shigarwa ba, har da hayaƙi mai kisa da yake bin lungu zuwa ɗakin kwana.

A tiyon ruwan cikin inji ne gardama take da gaske, domin a nan kowane zaɓi yana da hujjarsa.

Na kamfani an gasa shi ne da siffar wurinsa, kwanarsa daidai, wani ma bakinsa ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ba ya gogar ƙarfe, ba ya jan wuyan kula. Yawanci robar EPDM ce, mai jure wajen digiri 125, kuma ita ce ta fi dacewa da ruwan zafi mai magani. Mai Caterpillar zai je Mantrac, dillalinsu, da lambar injinsa, Cummins ma suna nan a Legas. Matsalarsa uku. Wasu guntaye an daina yinsu, tunda inji irin 3208 tun 1975 ya fito. Wasu sai an yi oda an jira, ga abin da dala ta zama tun da aka saki naira a watan Yunin 2023. Wasu kuma ana samunsu, amma sun shekara da shekaru a kan kanta, don haka a duba kwanan watan da ke jikinsu, a lanƙwasa a ga ko roba ta fara tsattsagewa. Duk da haka, inda ya samu, musamman ƙananan masu kwana biyu ko uku da ke kusa da tamostat da famfon ruwa, shi nake ba wa gaba.

A nan ne Ladipo da kasuwar kayan mota ta Trade Fair suke da amfani, ba kuma abin kunya ba ne. Ruwan cikin injin jirgi da na babbar mota ɗaya ne, zafi ɗaya, matsi ɗaya. Sabon tiyon tirela ko na janareta daga kamfani sananne irin Gates ko Continental, mai alamar SAE J20, zai yi aikin. Cummins 6BT ma yana cikin manyan motoci da janaretoci da yawa a ƙasar nan, wasu guntayen sukan zo daidai, ko da yake hanyar ruwan na jirgi ta sha bamban. Dabarar ita ce a tafi da tsohon, a nemi dogon tiyo da ke da irin kwanar a wani sashe na jikinsa, a yanke abin da ake buƙata. Sharaɗi shi ne ya zama sabo. Tokunbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, ya yi a gilashi ko ƙofa, amma robar da ta gama shekarunta a wata mota a Turai ba ta da sauran abin da za ta ba ka. Shi kuma tiyon nan mai ƙugiya da ake cewa yana shiga kowace mota, na fita kunya ne. Kullum yana neman miƙewa, yana jan bakin ƙarfen da aka ɗaura shi, tsohon wuyan kula na tagulla kuwa ba ya son ja. Inda aka rasa kwana gaba ɗaya, gara a samu gwiwar ƙarfe marar tsatsa mai ɗan tudu a kowane baki, a haɗa ta da gajerun tiyo biyu miƙaƙƙu.

Silikon shi ke jan ido, kuma yana da gaskiyarsa. Yana jure wajen digiri 175, zafi ba ya busar da shi, yana shekaru da laushinsa. Amma masu sayarwa ba su cika faɗin sauran ba. Yana saurin yagewa in ya gogi kaifi. Ba ya mannewa da bakin ƙarfe yadda baƙar roba ke yi, don haka yakan yi ɗigo in inji ya huce, sai da kilif na musamman. Tururin ruwa yana ratsa jikinsa fiye da na EPDM nesa ba kusa ba, ruwa ya riƙa raguwa a tanki ba a ga inda yake zuba ba. Ba ya son mai, duk da cewa ita ma EPDM kumbura take yi ta yi laushi in baƙin mai ko gas na ɗiga mata, don haka tsohon inji mai tsiyaya sai an fara toshe tsiyayar ko wane iri za a sa. Sannan shuɗin launi ba shaida ba ne: duba bakin da aka yanka ka ƙirga layin zare, na kirki yana da 3 ko 4. Inda nake ganin ya biya kuɗinsa shi ne kusa da tobo, na'urar da ke ƙara wa inji iska, da lungun da sai an sauke rabin inji kafin hannu ya kai, inda ba ka son komawa nan kusa. A ƙasan ruwa kuwa, silikon marar waya ba ya zuwa kusa da bawul.

Tiyon ruwan zafi daga ciki yake lalacewa, shi ya sa kallo ba ya isa. Ƙarafa daban-daban na inji da ruwan da ke tsakaninsu suna haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki da ke tsattsaga fatar ciki, yawanci cikin inci 2 daga bakin tiyo. Inji na sanyi, matsa tsakiyar tiyo da yatsa biyu, sannan ka matsa kusa da kilif. In bakin ya fi tsakiya laushi, ko ka ji kamar ramuka a ƙarƙashin yatsa, ya tafi, kamar raken da tsutsa ta cinye ta ciki ɓawonsa na sheƙi.

Tiyo mai tsada da kilif na banza asarar kuɗi ne. Yawancin kilif ɗin kasuwa ɗamararsa ce kawai ba ta tsatsa, sukurun baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa abin ƙyalli, kuma iskar gishirin Legas ba ta ɗaukar lokaci ta cinye shi. Tafi da maganaɗisu: in ya cafke sukuru da ƙarfi, ajiye shi. Nemi na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 gaba ɗayansa, wanda ɗamararsa ba huji-huji ba ce kuma gefenta a lanƙwashe yake, irin ABA da AWAB na Suwidin. Mai huji yana tatso roba ta ramukansa, silikon kam yanka shi yake yi. Ga silikon da manyan tiyon ruwan zafi, mai sifirin da ke riƙe matsi ɗaya a zafi da sanyi ya fi. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta wajabta kilif biyu a kowane haɗin salansa. A ƙasan ruwa ma biyu sun fi, amma sai in bakin ƙarfen yana da tsawon ɗaukarsu. In na biyun ya faɗa bayan ƙarshen ƙarfe, ba riƙewa yake yi ba, yanka tiyo yake yi. Kuma a duba kilif ta ƙasa da madubi, domin can ɗigo ke taruwa, can yake tsinkewa, samansa na ƙyalli.

Awo ma yana kayar da mutane. Injin Amurka da inci yake, na Turai da milimita. Inci 1.5 milimita 38 ne, ba 40 ba, kuma kilif ba ya cike wannan tazara. A auna bakin ƙarfe, kada a auna tsohon tiyo da ya riga ya buɗe.

Saura tambayar da ta fi taɓa aljihu: duka lokaci ɗaya, ko ɗaya bayan ɗaya? Maganar da aka saba ji a jeti ita ce, "Alhaji, ai wannan bai fara yoyo ba, a bar shi tukuna." Makaniken da ya faɗi haka tausayin kuɗin maigidansa yake ji, amma tiyon ƙasa ba ya yin sallama kafin ya tsage. Masu duba lafiyar jirage sukan ɗauki shekara 10 a matsayin iyaka, ga shi a nan ɗakin inji ba ya ganin sanyi duk shekara. In ba wanda ya san ranar da aka sa su, a ɗauka sun wuce. Wanda yake da hali ya yi duka, domin ruwan inji sau ɗaya za a juye, kuɗin aiki sau ɗaya. Wanda ba shi da hali, in jirginsa mai inji biyu ne, kada ya ce zai gama injin dama bana, na hagu baɗi. Ya bi haɗari: tiyon zuƙa na injuna biyun, da na janareta da na famfon na'urar sanyaya ɗaki waɗanda ake mantawa da su, sannan salansa, sannan na bayan famfo, ruwan cikin inji a ƙarshe. Fashewar na ƙarshen nan tana tsayar da inji ɗaya a hanyar Tarkwa Bay ko Ilashe, ɗayan ya dawo da kai gida. Ɗan guntun tiyo mai kauri da ke riƙe maƙogwaron shaf, inda sandar farfelar jirgi ke fita ta ƙasa, ma yana cikin sahun farko, amma shi sai ranar da aka ɗaga jirgi daga ruwa.

Wajen aikin, a rufe bawul tukuna, a tabbatar ya rufu da gaske, a ajiye turken katako mai tsini kusa ko da zai ƙi. A ɗauki hoton komai da waya, kuma a gama inji ɗaya kafin a taɓa ɗayan don ya zama abin dubawa. Tsohon tiyo da ya manne a tsaga shi a tsaye da wuƙa a ɓare, kada a ɓanɓare shi da sukudireba, wuyan kula yana lotsewa. A goge bakin ƙarfe har ya yi sumul. Sabon in ya ƙi shiga, a tsoma bakinsa a ruwan zafi a shafa ruwan sabulu, ban da giris da baƙin mai. Tunda an buɗe hanya, a canza farfelar famfo, a leƙa bakin kula ko akwai guntayen tsohuwa. Ruwan da za a mayar ya zama maganin sanyaya inji da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir (ba asid ba), ba ruwan burtsatsen Lekki mai gishiri da ƙarfe ba. Tsofaffin masu kwana da ba su mutu ba a wanke a ajiye a jirgi saboda ranar tsautsayi. Bayan fitar farko, in inji ya yi zafi ya huce, a bi kowane kilif a ƙara ɗaure shi, domin sabuwar roba tana kwantawa, sannan a rubuta wata da shekara a jikin kowane tiyo da farin maka.